Na Je New York Neman Shagon Jamilu

Tun da na dawo daga Amurka ban huta ba. Duk wadda ta shigo shagona a Kwari sai ta nemi wuri ta baje ta ce, “Hajiya Rabi, a ba mu labarin Amurka.” Ta sha ruwan sanyina, ta murza atamfa ta murza leshi, ta tashi ba ta sayi ko ɗankwali ba. Wasu kuma tsaraba suke nema a fakaice, sai ka ce da kuɗinsu na hau jirgin. To ga labarin nan a rubuce, kowacce ta karanta a gidanta, a bar ni in yi ciniki. Amma in faɗa tun da wuri, ba yawon buɗe ido na je ba. Ƙanina na je nema.

Sunansa Jamilu, shi ne autanmu. Karatu ya kai shi, karatun ya ƙare, shi bai dawo ba. Wata rana ya turo saƙo ta waya ga babban wanmu, Yaya Sani, wanda ya gaji shagon mahaifinmu, ya rubuta cewa ya kama harkar zane. Shi kuwa Yaya Sani, ko daga barci ka tashe shi ka ce “zane” zai tambaye ka turmi nawa. Ya karanta wa Umma saƙon da babbar murya, Umma ta ɗaga hannu ta ce alhamdu lillahi, yaro ya bi gado. Kafin mako ya zagayo duk Fagge ta san Jamilu yana sayar wa Turawa atamfa. Ni kaina na yi ta tunanin irin Baturiyar da za ta ɗaura zane ta yi taku biyu bai kwance ba, amma na ce ai Amurka ce, wataƙila suna da injin ɗaurawa.

Da farko yana kira. Kowa ya karɓi wayar ya ce, “Ya kasuwa?” shi kuma ya ce, “Da godiya.” Sannu a hankali kiran ya ragu. Daga baya ko mu muka kira ba ya ɗauka, sai ya turo cewa yana lafiya, aiki ne ya yi yawa. Yaya Sani, wanda ya san komai na duniya daga kan bencin shagonsa, ya yanke hukunci cewa karayar jari ce. Ita kuwa Umma, tuwonta ya fara dawowa kicin kamar yadda aka kai shi. Rannan ta kira ni ɗakinta ta ce, “Rabi, ke kika saba hawa jirgi. Ki je. In kasuwa ce ta karye, ku tayar masa. In wani abu ne daban, ki taho min da shi.”

Neman biza kuwa wani darasin haƙuri ne. A Abuja muka yi layi tun da safe, manyan mutane da manyan riguna, kowa ya yi laƙwas kamar ɗan firamare a gaban hedimasta. Wadda ta yi min tambayoyi ta bayan gilashi ba ta kai 'yata ta fari ba. Ta tambaye ni sana'ar ƙanina, na ce mata yadi yake sayarwa, da irin Turancin da nake ciniki da shi a Dubai. Na faɗa da ƙarfin zuciya, don a lokacin gaskiya nake faɗa iya sanina. Ta kalle ni, ta kalli kwamfuta, ta ce in dawo in karɓi fasfo.

Yaya Sani ya zaɓo atamfofi masu tsada ya cika akwati biyu, wai jarin farfaɗo da shago. Umma ta ƙara da kilishi da kuka da daddawa da yaji, ta ce yaron nan na san ba ya samun miya. Kayan sawata ni da zan yi tafiyar kuwa, a jakar hannu suka ƙare.

Muka yada zango a Alƙahira, daga nan muka miƙa. Ban taɓa ganin ranar da ta ƙi faɗuwa ba sai a wannan jirgin. Na yi azahar, na jira la'asar, na leƙa taga, rana tana nan inda na bar ta. Na tambayi wani dattijo na kusa da ni mai carbi, ya ce shi ma tun ɗazu ya bar wa Allah lissafin. Aka kawo abinci a wani faranti kamar na wasan yara, aka ce kaza ce. Na ci dai don kada in yi wa kazar rashin kunya, amma ita da yaji ba su taɓa haɗuwa ba.

A filin jirgin New York babban ma'aikacin da ya fara tarbata kare ne. Kare da rigarsa ta aiki, da mutum yana bin sa a baya kamar yaronsa. Ya zo ya zauna a gaban akwatina ya ƙi tashi. Aka ja ni gefe, wani jami'i ya sa safar hannu ya zaro kilishin Umma da yatsa biyu, ya ce nama ba ya shiga ƙasarsu, ya jefa a kwandon shara ina kallo. Kilishin da aka yi oda tun daga Agadasawa! Da ya kwance ƙullin daddawa sai ya ja da baya ya kira abokin aikinsa. Suka yi shawara mai tsawo, suka tambaye ni mene ne, na ce wake ne. Suka mayar min da sauri, na ga alama ba sa so ta kwana a ofishinsu.

Da na fito sai da na wuce Jamilu ban gane shi ba. Shi ya kira ni, “Yaya Rabi!” Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, gashi ya taru. Na yi niyyar fara faɗa tun daga nan, amma da na riƙe hannunsa sai na fasa. Ƙarƙashin faratansa duk launi ne, shuɗi da rawaya.

Na ce, “Har rini kake yi da kanka?”

Ya ce, “Kusan haka ne, Yaya.” Ya kalli akwatunan. “Me ke ciki haka?”

“Jari. Yaya Sani ya ce a tayar da kai.”

Sai ya sunkuya yana gyara igiyar takalminsa, wadda ni ban ga abin da ya same ta ba.

Wani abokinsa direban tasi, Malam Isufu mutumin Maraɗi, shi ya ɗauke mu. Tun kafin mu bar filin jirgi ya fara, “Bon, Hajiya, kun taho lahiya? Mutanen Kano suna lahiya? Wallahi ƙanen nan naki artis ne babba, ni da idona na gani.” Na ce masha Allah, na gode. Na ɗauka da Faransanci haka ake ce wa babban ɗan kasuwa.

Unguwarsu a Bronx take, ana ce mata Mount Hope. Ku da kuke ganin Amurka a talabijin, ku riƙe abinku, ya fi kyau a can. Gidajen jan bulo ne dogaye manne da juna, lif ɗin gidansu ya mutu tun kafin Jamilu ya tare, kuma a can sama suke. Na hau matattakalar nan ina ambaton duk wanda ya sa ni wannan tafiya. Tagar ɗakin da aka sauke ni tana kallon bangon maƙwabta. Akwai wani ƙarfe a jikin bango mai ɗumama ɗaki, in ya tashi aiki sai ya yi ta ƙwanƙwasa kansa kamar ana gyaran tukunya.

Mai gidan wata mata ce 'yar zangon Kumasi, Mma Hajara, aikinta kula da tsofaffin Turawa a gidajensu. Jamilu ɗaki ɗaya yake haya a wurinta. Ta rungume ni ta ce, “Akwaaba, Hajiya! Ka zo lafiya? Ka gaji paa. Zauna ka ci abinci.” Na waiga in ga namijin da take yi wa magana, babu kowa sai ni. Hausarsu ba ruwanta da mace, kowa “ka” ne. Na haifi 'ya'ya biyar, sai da na je Amurka aka mayar da ni namiji. Ta kawo min wani abinci wai wace, na duba na ga shinkafa da wake ne aka ba shi jan launi da sabon suna, sannan aka ɗora masa taliya da garin kwaki da ƙwai da wani baƙin yaji. Na yi niyyar raina shi, sai ga ni ina neman ƙari.

Mutanen garin ba sa gaisuwa. Na yi wa wani sannu a matattakala, ya dafe aljihunsa. Karnuka na yawo da rigunan sanyi, kuma in kare ya yi kashi a titi, mai shi ne zai durƙusa ya kwashe da leda. Na ga wani mutum da kwat da jakar ofis yana wannan hidima, karen yana tsaye yana jiransa ya gama. Na ce lallai an ci gaba.

Duk wannan ba shi ya kawo ni ba. Kullum da safe sai in ce, “Jamilu, yau za mu shago?” Yau ya ce akwai nisa, gobe ya ce ana gyara, jibi ya ce in huta tukuna. Ya fita da wasu tsofaffin kaya, ya dawo da yamma a gajiye, ya shige ɗakinsa ya rufe. Akwatunan Yaya Sani suna jingine a falo ba wanda ya taɓa. Da na gaji, wata safiya bayan ya fita na sami Mma Hajara a kicin na ce ta kwatanta min shagon, ni zan je da kaina.

Ta ajiye ludayi. “Wane shago? Jamilu ba shi da shago koraa. Da rana shi na shafa penti a gidajen mutane. In ya dawo shi na yi nasa. Kai ba ka sani ba?”

Ta ɗauko makulli ta buɗe min ɗakin. Warin fenti ya fara tarbata. Katifa a ƙasa, sauran wurin duk alluna ne na ƙyalle jingine da bango, wasu kan wasu. Na ɗaga na farko, sai ga soron gidanmu na Fagge, har da tsagewar nan ta gefen ƙofa. Na biyu shagon Baba ne, atamfofi jere har rufi. Wani kuma hannuwan Umma ne kawai suna tsince wake a faranti, babu fuska, amma ko a ina na ga hannuwan nan zan gane su. Fentin ya yi kauri kamar yaɓe, sararin sama kuma kore, abin da ban taɓa gani a Kano ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na zauna a bakin katifar ina tuna yawan matan da na ce wa ƙanina dila ne a Amurka.

Da ya dawo ya same ni a nan, bai yi mamaki ba. Na ce, “Wannan ce harkar zanen?”

Ya ce, “Zaane, Yaya. Ja za ki yi. Ni zaane na rubuta, ku kuka karanta zane.”

“A rubuce ai duk ɗaya ne!”

“To laifina ne?”

“Laifinka ne mana! Ba ka da baki? Shekara da shekaru ana ce maka ya kasuwa kana cewa da godiya!”

Ya ce, “Na kira don in gyara. Ina ɗaga waya na ji Umma tana guɗa, tana cewa Baba bai mutu ba. Ke ce a wurina, me za ki ce mata?”

Na ce ya haɗa kayansa, Umma ta ce in taho da shi, kuma ga shago can yana jiransa, na zane na gaskiya wanda ake ɗaurawa. Sai ya ce in raka shi wuri ɗaya gobe. In mun dawo na sake cewa ya haɗa kaya, zai haɗa.

Jirgin ƙasa muka hau, wanda rabin tafiyarsa a cikin rami yake yi. A tasha na ga ɓera ya kai ɗan kyanwa yana jan yankin burodi, mutane suna matsa masa ya wuce. A cikin jirgin wani yana wa'azi, wani yana rawa a jikin ƙarfe, ba mai kallon ko ɗayansu. Muka fita a cikin gari, inda masu kuɗin suke, muka shiga wani gidan adana kayan tarihi da ya fi sakatariyar jiha girma. Tun daga ƙasa aka fara gwada imanina. Gumakan dutse tsirara, maza da mata, wasu ba kai wasu ba hannu, amma abin da ya kamata a ce shi ya ɓata yana nan lafiya lau. Na ja mayafi na rufe gefen fuskata, na ce Jamilu ya yi sauri. Na kuma yi tunanin atamfar Yaya Sani da ke zaune a falo, ga masu buƙata a nan.

Muka hau sama, muka shiga wani ɗaki da mutane suka yi cincirindo, kowa ya ɗaga waya. Jamilu ya rage murya kamar mun shiga gaisuwar mutuwa. Ya ce, “Ga shi nan. Saboda mutumin nan na fara.”

Abin da ya fara nuna min zanen takalma ne. Tsofaffin takalma ƙafa biyu a kan daɓe, sun lanƙwashe sun gaji, irin waɗanda ko mai gyaran takalmi na bakin asibiti zai ce a yi haƙuri. An sa musu firam, an sa musu fitila, an ajiye ƙato da kayan sarki yana gadinsu. Na tambayi Jamilu ko na sayarwa ne, ya ce a'a, amma da za a sayar, kuɗin zai sayi layinmu na Kwari da mutanen ciki. Na ce to mai takalman fa, an ba shi wani abu? Ya ce mai zanen ma bai samu ba.

A tsakiyar ɗakin akwai wani allon a cikin gilashi, hoton mai zanen ne da ya yi da hannunsa. Bature ne mai jan gemu da malfa, fuskar duk ɗigo-ɗigon launi kamar mai ƙyanda, idanun kuma ba su yarda da kowa ba. Jamilu ya zagaya da ni bayan allon, sai ga wani zanen daban, wata mata a zaune tana feraye dankali cikin duhu. Ya ce rashin kuɗin sabon ƙyalle ne ya sa ya juya tsohon ya yi a bayansa. Na ce ashe dai akwai yadi a harkar, a gaya wa Yaya Sani ya kwantar da hankalinsa.

Nan ya shiga ba ni tarihin gwanin nasa, ni kuma ina saurare ina jinjina kai. Mutumin Holan ne, ɗan limamin coci. An sa shi a shagon sayar da hotuna, aka sallame shi. Ya gwada koyarwa, bai daɗe ba. Ya tafi wa'azi cikin masu haƙar gawayi, ya rabar da kayan sawarsa yana kwana a ƙasa, shugabanninsa suka ce abin ya yi yawa, suka sallame shi. Sai da ya girma sannan ya kama zane, kuma kusan ba mai saye. Ƙaninsa ne yake ciyar da shi, yake saya masa fenti. Ya koma kudancin Faransa neman rana, ya gayyato wani abokinsa mai zane su zauna tare, zaman ya ƙare da rigima, shi kuma ya ɗauki aska ya yanke kunnensa. Mutanen garin suka kai ƙara a raba su da shi. Daga baya da ƙafarsa ya kai kansa asibitin masu taɓin hankali. Bai kai shekara arba'in ba ya mutu da harbin bindiga, ana cewa shi ya harbi kansa. Ƙanin nasa ma bai daɗe ba ya bi shi.

Na ce, “Masha Allah. Duk mutanen kirkin da Allah ya yi a duniya, malamai, likitoci, 'yan kasuwa, ba ka ga wanda za ka yi koyi da shi ba sai wanda aka kora daga aiki biyu ya yanke kunne? Ai da ka faɗa tun a gida, da an samo maka irinsa a kusa, ba sai an sayi tikiti ba.”

Bai yi dariya ba. Ya ja ni gaban wani babban allo. Gonar alkama ce ta nuna, da wasu dogayen itatuwa masu duhu a gefe, gajimare kuma yana murɗawa kamar kunu a tukunya. Zan faɗi gaskiya, wannan ya tsayar da ni. In ka daɗe kana kallo sai ka ga kamar iska tana kaɗa gonar. Jamilu ya ce yana asibitin ya yi shi.

Na ce, “Ai da gani. Mai hankali ba zai ga sama haka ba.”

Ya ce, “A'a, Yaya. Mutane suna cewa ciwon ne ya yi zanen. Ba haka ba ne. In ciwon ya tashi ko buroshi ba ya iya riƙewa. Ba ka iya tashi, ba ka iya wanka, ko sunanka aka kira sai ka ji kamar daga wani gari ne. Sai ya lafa kake samu ka yi aiki. Aikin ne yake riƙe ka.”

Na lura ya bar cewa “shi” ya koma cewa “ka”. Na ce, “Kai ya aka yi ka sani?”

Akwai benci a tsakiyar ɗakin, muka zauna. Yana kallon gonar alkamar ya ba ni labari. Lokacin sanyin bara ne. Ya daina fita aiki, ya daina cin abinci, ya rufe ɗaki. Ya ce har ya kai inda yake ganin in babu shi kowa zai huta. Mma Hajara ce ta sa Malam Isufu ya ɓalle ƙofar, suka kai shi asibiti, ya kwanta a can. Likita ya ce ciwon damuwa ne, yana da magani, kuma akwai wadda yake zuwa gani suna magana. Ya ce a lokacin ne ya daina ɗaukar wayarmu, don ba shi da ƙarfin da zai ce “da godiya”.

“In kin ce in koma, zan koma, na yi alkawari,” in ji shi. “Amma kin san yadda za a yi. Za a ce iska ce, a yi ta turare. Yaya Sani ya ajiye ni a bakin shago, masu wucewa suna nuna ni da baki. A nan ina da likita, ina da aikina, ina da Mma. Ina samun sauƙi, Yaya. Wallahi ina samu.”

Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Yaron da na goya, ya kusa tafiya a wani ɗaki mai kallon bango, mu muna can muna yi masa lissafin turmi. Na ce, “Maganin kana sha?” Ya ce yana sha. Na ce, “Kullum?” Ya ce kullum. Sai na ce, “To kunnuwan nan dai ka bar su inda Allah ya ajiye su.” Ya fashe da dariya har mai gadin takalma ya harare mu. Ni kuma sai kuka ya ƙwace min, a gaban jama'a, babbar mace da ni. Wata tsohuwar Baturiya ta dafa kafaɗata tana gyaɗa kai tana nuna allon, wai ita ma haka yake yi mata. Na bar ta a haka.

Ban sake cewa ya haɗa kaya ba. Na raka shi wurin likitarsa na ga fuskarta. Atamfofin kuwa na ba Mma Hajara akwati guda, ɗayan na ce Malam Isufu ya kai wa iyalinsa, abin da Yaya Sani bai huce a kai ba har yau. Kafin wata ta ce na tona asirin ƙanina a takarda, shi ya ce in faɗa. Ya ce ɓoyon ya fi ciwon gajiyar da shi.

Abin da ya rage shi ne Umma, kuma tun daga Alƙahira nake shirya yadda zan fara. Da na shiga ɗakinta ba ni ta kalla ba, bayana ta kalla, bakin ƙofa. Ta ce, “Ina yake?”

Na zauna a ƙasa na faɗa mata komai. Babu shago, ba a taɓa yin shago ba. Na faɗa mata zaane da zane, da ɗakin, da asibitin, da matar da ta sa aka ɓalle ƙofa. Har labarin Baturen mai jan gemu na ba ta, don ban san yadda zan bayyana abin ba sai da shi. Na ce ni na yanke shawarar barinsa, in laifi ne nawa ne. Ina jira ta yi salati ko ta yi faɗa. Ta daɗe tana jan carbi.

Can ta ce, “Shi wannan Baturen, lokacin da abin ya faru, uwarsa tana da rai?”

Na ce ban sani ba, ban tambaya ba.

“Kira shi ki tambaya.”

Na kira. La'asar ce a wurinmu, su can hantsi. Bugu biyu ya ɗauka. Na ce, “Umma ce take tambaya, wai mutumin naka, da ya mutu mahaifiyarsa tana raye?”

Ya ce, “Tana raye. Tana can garinsu, labari aka kai mata.”

Umma ta miƙo hannu na ba ta wayar. Ta riƙe da hannu biyu, ta kara a kunne.

Ta ce, “Jamilu. Ni ba za a kawo min labari ba. Ga ni, ina jin ka. Faɗa min da bakinka, tun daga farko.”

Na tashi na sakar musu labule, na fita tsakar gida.